Wa ke da hoton ungulun mahautar garinsu?

Jiya da daddare wayata ta cika, sai na zauna share hotuna. Ina cikin yi na faɗa kan na tafiyarmu Yankari, wadda muka yi da abokai shekara uku da suka wuce, ana dab da shiga bazara. Hotuna sun fi 200. Na ƙirga waɗanda babu fuskar mutum a ciki, ba su cika 20 ba. Ga mu a bakin ƙofa, ga mu tsamo-tsamo a ruwan Wikki, ga mu a kan mota, ga mu muna korar gwaggon birin da ya wafce mana burodi. Gwankin da ya tsaya mana a gefen hanya ya fi minti guda yana kallonmu, can na hango shi a bayan kafaɗar abokina, dishi-dishi kamar tabon mai a jikin riga.

Kunya ta kama ni, wallahi. Yankari daji ne da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, an keɓe shi tun 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Ga giwa, ga ɓauna, ga gadu yana yawo har cikin masauki, ga dabbobi suna gangarowa kogin Gaji da rani saboda ruwan sauran wurare ya ƙafe. Muka ƙona mai tun daga Kano, muka dawo da shaidar cewa mun je, amma ba mu dawo da abin da muka gani ba.

Sai dai ba Yankari ce ta hana ni barci ba. Giwa tana da masu ɗaukarta, masu manyan kyamarori da ruwan tabarau mai tsawon damtse. Abin da ba shi da mai ɗauka shi ne na ƙofar gida.

Duk wanda ya haura shekara 35 ya san ungulu. Muna yara, babu mahautar da za ka je ba ka gan su jere a kan katanga ba, babu jujin da ba sa sauka. Ranar Babbar Salla har tsakar gida suke dirowa, ana fiɗa suna jiran rabonsu. Yau fa? Yarana sun san ungulu a karin magana kaɗai, sun ji ana cewa ta koma gidanta na tsamiya, amma ba su taɓa ganin ta ba, ita kanta tsamiyar an sare. Tun 2015 masana suka sa irin wannan ungulun tamu cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma masu kama ta suna sayar da kai da ƙafa ga 'yan tsibbu. Na tambayi tsofaffin unguwarmu, na tambayi mahauta biyu da na sani, ko akwai mai hoton ungulu a mahauta. Dariya suka yi. Wa zai ɓata fim a kan ungulu?

To, su suna da uzuri. A zamaninsu hoto kuɗi ne, sai ranar Salla ko biki ake sa sabbin kaya a je sutudiyo, ko a kira mai hoto gida. Mu mene ne namu? Kowa da kyamara a aljihu, har almajiri yakan ari ta wani ya ɗauka.

Ku lura da wani abu. Duk lokacin da aka sa tsohon hoton dalar gyaɗa a Facebook, ko na ganuwar Kano tana tsaye da kaurinta, ko na kasuwar Kurmi da jakuna, sai ka ga dubban mutane suna yaɗawa, ana "Allah sarki, jiya ba yau ba". Da yawa daga cikin hotunan nan baƙi ne suka ɗauka, mutanen da suka ga abin da kakanninmu suke wucewa kullum ba su ɗauke shi komai ba. Yanzu muna roƙon tarihinmu a hannun jikokinsu. Kuma muna maimaita kuskuren da idonmu biyu. Ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, shekara kusan 900 ke nan, kullum ƙara zaizayewa take, wani wurin an yi gida a kanta, wani wurin an kwashe ƙasar an yi bulo. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. Kududdufan cikin birni ana ta cike su ana dasa shaguna. Rimayen Zariya ɗaya bayan ɗaya suke tafiya. Wanda ya ɗauki kududdufin unguwarsu bana, da balbelu a gefe da yara masu kamun tarwaɗa, nan da shekara 20 shi za a riƙa nema.

Na san abin da wasu za su ce: mutane na fama da tsadar masara, kai kana maganar hoton tsuntsu. Na ji. Amma datar da muke ƙonawa a kan faɗan 'yan TikTok ta fi ƙarfin wannan, kuma ɗaukar hoto ko data ba ya ci. Uzurin da na yarda da shi shi ne na tsoro. Ni kaina an taɓa tare ni ina ɗaukar wata tsohuwar gada da yamma, aka karɓe wayar, sai da na yi rantsuwa na nuna katin aiki. A yanayin tsaron da muke ciki ban ga laifinsu sosai ba. Shi ya sa yanzu nake fara sallama, in gaida dattawan wurin, in faɗi abin da ya kawo ni. A marinar Ƙofar Mata ma haka, ka gaisa da masu rini, ka nemi izini, in da hali ka sayi ɗan ƙyalle. Matan aure da 'ya'yan mutane kuwa ba a ɗaukar su sai da yardar masu su, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Kada kuma wani ya ce sai da babbar waya. Goge gilashin kyamarar da gefen riga, rabin matsalar ta tafi. Fita bayan asuba in rana ta fara ɗagowa, ko bayan la'asar sakaliya, lokacin da haske yake kwantawa a jikin ginin ƙasa ya yi ja. Tsakar rana kashe hoto take yi. Hazon hunturu da muke tsana, shi yake sa Dutsen Dala ya fito kamar zane. Daina jawo abu da yatsu, hoton fashewa yake yi. Matsa da ƙafarka, in tsuntsu ne tsuguna ka yi shiru, shi zai zo. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil don kada ya matse shi.

Abin da ya fi duk waɗannan: rubuta sunan wurin da ranar. Hoto marar kwanan wata ado ne kawai. A Kure, kusa da Yamai, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe suka rage, da hoto ake ƙidaya su, domin zanen jikin kowanne daban yake da na ɗan'uwansa. Sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, yanzu sun haura 600. A nan gida ma cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara bayanan da mutane irina da irinku suke turawa, wane tsuntsu aka gani, a ina, yaushe.

Ni dai na fara da shamuwar da ke sheƙa a kan wata bishiya a bayan makarantar unguwarmu. Damina biyu ke nan ina rubuta ranar da ta iso. Bara sheƙa bakwai na ƙirga, bana biyar, kuma na ga an jibge yashi da bulo a gindin bishiyar.

Don Allah, duk wanda yake da hoton ungulu da aka ɗauka a cikin gari, ko tsoho ne ya koɗe, ko a bayan wani ta fito kamar gwankina, ya turo mini da sunan garin da shekarar. Ina so in nuna wa ƙaramar 'yata, ta dame ni da tambayar ko da gaske kanta a aske yake.