Batirin Kawu da gogen Bach

Tunda labarin ya kai har gidan surukaina, kuma duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri, gara in faɗi yadda aka yi da bakina.

Daren Asabar Kawu ya shigo majalisa da kwalin kaset-kaset ɗin nan da Baturen da ya yi wa tuƙi a Zariya ya bar masa, ga rakodarsa mai cin manyan batura 6 a ɗaya hannun. Ya dire, ya nuna ni da haɓa, ya ce, "To, ga mai gogen Turawa nan, ya duba mana ko akwai abin kuɗi a ciki." Aka zaro wani kaset da ba shi da gida, rubutun jikinsa duk ya kankare, aka danna.

Daga jan baka na farko na gane. Chaconne ce ta Bach, wadda ta rufe Partita ta 2, cikin kiɗa shida ɗin nan da ya rubuta wa goge ɗaya tilo ba mai raka shi, ya kuma sa musu shekarar 1720 da hannunsa lokacin yana aiki a Köthen ta ƙasar Jamus. Na faɗa musu haka. Na ƙara da cewa gaɓa 256 ce, watau 'yan yankunan da ake auna kiɗa da su, an gina ta kan wani ɗan zubi mai gaɓa 4 da ake juya shi sau 64, kowane juyi da sabuwar riga. Mai shayi har da ajiye ludayi. Kawu ya ce, "Kai, yaron nan!" Da a nan na ja bakina na yi shiru, da yau ina shiga layinmu da hulata a karkace.

Amma kunnena ya ji wani abu. Muryar ta yi ƙasa da inda na saba jin ta a faifan manyan da. Na zaro waya, na buɗe manhajar saita amo, na ce a mayar da kaset farko. Muryar da ke saman dunƙulen farko, watau muryoyin da ake kaɗawa a tare, ita ce wadda makaɗa ke kira A, kuma Bach ya maimaita ta ita kaɗai nan take, don haka da sauƙin kamawa. Waya ta nuna 416.

Nan fa na gyara zama. Na ce, "Jama'a, ku matso." Wallahi na ce ku matso, ban musa wannan ba.

Na yi musu bayani cewa yau duniya ta tsaya a kan A mai bugu 440 a daƙiƙa, matsayar da aka cimma a wani taro a Landan a 1939. Masu kaɗa kiɗan zamanin Bach da irin kayan zamanin kuwa sukan sauke ta zuwa 415, rabin mataki ke nan cif. Na ce saboda haka wannan da muke ji gogen baroque ne: tsirkiyoyin hanjin tumaki, ba ƙarfe ba, ba shi da matokarin haɓa, domin shi sai wajen 1820 Louis Spohr ya ƙirƙiro shi, bakansa gajere ne, mara nauyi ta wajen tsini. Na ce a zamanin kaset masu irin wannan ɗauka ba su da yawa: akwai Sergiu Luca na 1977, akwai Sigiswald Kuijken ɗan Beljiyam na 1981. Na lumshe ido, na ɗaga yatsa, na bari kiɗan ya ɗan tafi, sannan na ce, "Kuijken ne."

Malamin makaranta, Allah ya saka masa, shi ne ya miƙo min igiya na ƙi kamawa. Ya ce, "Amma Yallaɓai, ba kai ka taɓa ce mana su waɗancan ba sa yawan karkaɗa yatsa a kan tsirkiya ba? Ga shi wannan kowace murya sai rawa take." Na ce masa zaren kaset ne ya tsufa ya miƙe. Na faɗa da irin muryar da ke hana mutum sake tambaya. Ya ce to, ya koma kan shayinsa.

A gaɓa ta 133 kiɗan yakan sauya fuska. Bayan duk hayaniyar da ta gabata, sai ya koma a hankali, ya yi haske, kuma nan ne wurin da na fi so a duk Chaconne. Na ce kowa ya yi tsit. Kowa ya yi tsit. Wayar tana kan tabarma, manhaja a buɗe, ɗan autan majalisa yana leƙa ta. Can ya ce, "Yaya, yanzu fa 408 take nunawa."

Na ce hayaniyar janareton maƙwabta ce ke ruɗa ta.

Ya ce, "Babu janareto, akwai wuta. Yanzu 401."

Ya kamata in ce a kashe. Duk mai hankali zai ce a kashe. Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa ai a Faransa ta wancan zamani har 392 ake sauke A, mataki guda cur ƙasa da namu na yau. Gaskiya ce wannan, ku je ku bincika, har gobe masu kaɗa kiɗan fadar Faransa suna amfani da 392. Sai dai baki idan ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba. Malamin makaranta ya ɗago a hankali ya ce, "Watau Bajamushen ya tsallaka Faransa ana tsakiyar kiɗa?" Kawu ya ce, "Ba biza?" Mai shayi ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Goge kuma yana ta nutsewa, yana gurnani kamar injin markaɗe da mai ya ƙare masa, ni kuma har lokacin yatsana yana sama, na rasa yadda zan sauke shi ba tare da an gani ba. Ɗan auta yana ta karanto lamba da ƙarfi, 390, 384, sai ka ce an sa shi. Daga nan rakoda ta yi wani ƙugi ta tsaya.

Sai ga Injiniya, mai gyaran waya, ya taso daga kan bencinsa. Bai ce uffan ba. Ya kifa rakodar, ya buɗe murfin baya, ya zazzage baturan a tabarma, ya ciro mitarsa daga aljihu. Kowane batir ya kamata ya ba da 1.5, na Kawu wani 1.0, wani 0.9, ɗaya ma duk shatin haƙori ne a jikinsa, domin Kawu ya yi imani idan aka ciji batir aka shanya shi a rana yakan farfaɗo. Injiniya ya aiki yaro shago, aka kawo sababbi, ya zuba, ya mayar da kaset farko, ya ɗauki wayata da hannunsa ya kara. 441. Ya juya fuskar wayar ya zagaya da ita majalisa, mutum ɗaya bayan ɗaya, har da almajirin da ya zo karɓar kwano. Kafin ya gama zagayen Kawu ya tono gidan kaset ɗin a ƙasan kwali, mai rawayar alama, an buga suna ɓaro-ɓaro: Henryk Szeryng. Ɗaukarsa ta 1967. Gogen zamani, bakan zamani, mutumin da ko a mafarki ba a haɗa salonsa da na Kuijken.

Yanzu ga abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗa: kunnena bai yi ƙarya ba. Abin da ya fito daga rakodar nan 416 ne. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. Raba 415 da 440, za ka ga ragin bai kai kashi 6 cikin 100 ba. Watau da zarar zare ya koma wajen santimita 4.5, kowace murya ta sauka rabin mataki, Chaconne mai minti 14 ta doshi 15, kuma babu wanda zai lura da jan ƙafar, tunda dama kowane makaɗi da saurinsa. Batirin Kawu ya faɗo daidai kan 415 ne don a tozarta ni, ba wani abu ba. Da ya tsaya a 428 da babu abin da zai faru.

Wanda duk yake son ya rarrabe salon biyu, ya ajiye waya ya saurari dunƙulen farko. Goge tsirkiya 4 gare shi, G, D, A, E, kuma jakin da suke kai gantsararre ne, don haka baka ba ya iya danne fiye da biyu a lokaci ɗaya ya riƙe. Bach kuwa ya rubuta murya uku, wani wurin huɗu, a tare. Dole a karya su. Szeryng da tsararsa sukan kama biyun ƙasa da ƙarfi, su tsallaka biyun sama su riƙe su da nauyi ɗaya tun daga gindin baka har tsininsa. Bakan da François Tourte ya daidaita a Faransa wajen shekarun 1780 don wannan aka yi shi, murya doguwa wadda ba ta raguwa. Mai bakan baroque yakan mirgino daga tsirkiyar ƙasa zuwa sama, ya saki, ya bar ta ƙasan tana amsawa da kanta. Muryarsa takan kumbura a tsaka ta lafa a ƙarshe, kuma jan ƙasa ya fi turin sama nauyi, shi ya sa za ka ji bugu uku-ukun rawar a fili, domin Chaconne asalinta rawa ce. Sannan ita tsirkiyar hanji tana da wata 'yar ƙaiƙayi a farkon kowace murya, kafin amon ya buɗe, musamman E, wadda a gogen zamani ƙarfe ce mai ƙyalli. Karkaɗa yatsa kuma a wurinsu ado ne da ake sa wa doguwar murya jefi-jefi. Duk wannan batir ba ya iya canza shi. Malamin makaranta ya ji, shi da bai san Köthen daga Kafanchan ba.

Wuri mafi daɗin gwaji shi ne daga gaɓa ta 89, inda Bach ya jera dunƙulen muryoyi kawai ya rubuta a warwatsa su, bai faɗi yadda za a yi ba. Kowane makaɗi da tasa dabarar a nan. Sa Nathan Milstein na 1973, ka bi shi da Rachel Podger ta ƙarshen shekarun 1990, wannan wurin kaɗai, da abin sawa a kunne ba da 'yar sifikar aljihu ba, domin ita takan cinye tsirkiyar G gaba ɗaya, kuma rabin hikimar kiɗan a can ƙasa take. Ita kanta 415 ɗin ma yarjejeniyar masu kiɗan yanzu ce, an zaɓe ta don ta yi rabin mataki daidai da 440. A zamanin Bach kowane gari da nasa amon, na coci ma yakan haura 460.

Amma ni duk wannan ba shi ke cina ba. Injiniya ke cina. Mutumin nan tun minti na farko ya sani. Shekara nawa yana gyaran rediyo kafin ya koma waya? Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa motar irin wannan rakoda tana da abin da ke riƙe mata gudu, sai wuta ta yi ƙasa sosai take sakin jiki, kuma tun da ya ga jar fitilar gaba tana lumshewa duk lokacin da goge ya ɗaga murya ya gane batir ne. Ya gani. Yana zaune yana ɓare gyaɗa, ina Landan 1939, ina Louis Spohr, bai yi ko tari ba. Da na ce "Kuijken ne" har gyaɗa kai ya yi! Na tambaye shi me ya sa bai taɓa ni ba, ya ce wai bayanin ya yi masa daɗi, bai so ya katse ba. Wannan fa mutumin da wayar maiɗakina ta yi watanni a shagonsa kan bakin caji kawai, kullum sai ya ce kayan suna hanya daga Legas, ban taɓa tona shi a majalisa ba. Ranar da aka kama shi ya sa wa rediyon liman sifikar da ba tata ba, wa ya ce kuskure ne kowa na yi? Ni. Kuma mitar nan, wa ke zuwa shan shayi da mita a aljihu in ba da wata manufa ba? Sannan zagayen da ya yi da wayata, ai mutum uku sun isa shaida. Almajirin me ya sani game da 441?

Yanzu yaran layi in na wuce sai su ce "Faransa ba biza". Mai shayi in zai zuba min sai ya tambaya ko 440 nake so ko a sauke. Jiya da na shiga gaida surukata, ta amsa, ta yi shiru, can ta ce, "Ashe kuma batir ne." Ban san wanda ya kai mata ba, amma ina da wanda nake zargi.

Kawu kuma ya aiko wai kuɗin batura 6 ɗin nan a kaina suke, tunda bayanina ne ya sa aka yi ta mayar da kaset baya. Na ce a gaya masa baturansa tun kafin azumi suka mutu. Kaset ɗin dai Szeryng ne mai kyau, na ce a ba ni aro in juye shi a waya, sai aka ce rakodar ta tauna zaren a daren, yana wurin Injiniya zai liƙa. Na je shekaranjiya, ya ce in dawo jibi.