Yadda Na Tsine Wa Mai Mota Alhali Motata Ce

A ƙauyen kudancin Faransa da na zauna ba a shelar biki. Babu sanƙira, babu mai zagayawa da lasifika. Magajin gari ne yake sa hannu a takarda, a zura ta cikin leda, a ɗaure jikin wani allon ƙarfe mai shuɗin da'ira da jan baki, a girke shi gefen dandali kwanaki kafin ranar. Wanda ya tsaya ya karanta ya tsira. Ni a lokacin ina wani ƙauye kusa da Cavaillon, a yankin Vaucluse, ina koyon noman malo, wani ɗan'uwan kankana mai zaƙi, kuma a gindin wannan allon nake ajiye tsohuwar motar da mai gona ya ara mini, don nan inuwar itatuwa ta fi kauri.

Bikin shi ne na 14 ga Yuli, ranar da aka fasa kurkukun Bastille a 1789, wadda ta zama ranar hutun ƙasa tun 1880. A Paris faretin soja ake yi. A ƙauye kuwa abin ya fi karkata ga ciki da ƙafa: daren 13 yara su zagaya gari da fitilun takarda, a ci abinci tare a dandali, a yi rawa, a harba wutar wasa. Duk wannan kwamitin biki ne yake shirya shi, wato 'yan sa kai, yawancinsu tsofaffin da suka bar aiki kuma ba su bar ba da umarni ba.

Kafin baƙo ya kai ga bikin sai ya fara sasantawa da agogon garin. Kantuna suna rufewa da tsakar rana, ba a sake ganin mai su sai ƙarfe biyu ko uku. Ƙararrawar coci tana buga awa sau biyu, ta buga, a yi minti biyu ta maimaita, saboda wanda bai ƙirga ba da farko. Larabar farko ta kowane wata kuma jiniyar gargaɗi tana kuka wajen tsakar rana, gwaji kawai ake yi. Ranar da na fara jinta har na ɗauko fasfo na fito tsakar titi, na tarar da maƙwabciyata, wata tsohuwa, tana ba furanninta ruwa ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ita ce ta kai ni wajen rajistar abinci. Ana rubuta suna ne tun da mako guda, a biya, kuma kowa ya zo da faranti da cokali da wuƙarsa daga gida, kwamiti tebur da benci kawai yake bayarwa. Abincin paella ne, shinkafa da kaza da kayan teku a wani faffaɗan kasko, amma sau da yawa ana yanka tsiren alade a ciki, don haka Musulmi ya faɗa tun wajen rajista, ba ranar da aka riga aka zuba ba. Sai kuma abin shan da suke kira pastis: kashi ɗaya a zuba masa ruwa kashi biyar, ya koma fari-fari kamar farau-farau. Giya ce mai ƙarfi. Wanda ba ya sha ya nemi ruwan na'ana'a, kore shar, babu mai yi masa kallon banza.

Mai gonarmu ya yi alkawarin malo na buɗe baki kafin shinkafa. Da yammacin 12 ga wata muka loda akwatuna a bayan motar, ya ce gobe da safe in miƙa wa kwamiti. Na ajiye ta a inuwata na je na kwanta.

Washegari na tako da ƙafa, tunda gidan ba nisa, na tarar dandali fes, an jera shingayen ƙarfe, ana kafa dandamalin makaɗa. Na kama ɗaukar benci. Tsofaffin suna ta mita a kan wani mai taurin kai da ya bar mota duk da takardar da ta ce babu ajiya daga ƙarfe shida na safe, har sai da aka kira motar janwe. Ni ma don a san ina cikin jama'a na sa baki, na ce irin waɗannan mutane su ne suke ɓata gari, ai tara ma ta yi musu kaɗan. Wani mai hular kwano ya dafa kafaɗata ya ce gaskiya na fahimci ƙasar nan da wuri. Muna ajiye benci na uku idona ya faɗa kan dandamalin makaɗa. Daidai inuwata aka kafa shi.

Maƙwabciyata ta dube ni ta saman tabarau. "Ɗan nan, ba dai taka ba ce?" Na ce, "Madam, ta mai gona ce." Ta ce wannan ai ya fi muni.

Ga yadda ake karɓo mota a can, don kada wani ya ce ban faɗa ba. Ba garejin da aka kulle ta ake fara zuwa ba. Jandarma ake fara gani, su ba da takardar izinin saki, kuma sai an nuna lasisin tuƙi da shaidar inshora da katin mallakar mota, wanda suke kira carte grise. Katin nan kuwa a aljihun gaban mota yake, motar tana gareji, garejin ba ya sakin mota sai da takardar jandarma. Ofishin jandarman yana wani gari, bas kuma a lokacin hutun makaranta sai an yi sa'a. Na isa sha biyu ta ɗan gota, ƙofa a rufe sai ƙarfe biyu. Aka tura ni gareji ɗauko kati, na dawo, na karɓi takarda, na koma na tarar mai garejin ya ja ƙyaure ya tafi shirin nasa bikin. Gobe ranar hutu ce, kuma kowace kwana da kuɗinta.

Lissafin: tarar ajiya a inda aka hana Yuro 35, kuɗin janwe sama da Yuro 120, sai na kwana. Da yake Yuro ɗaya sefa 656 ne, abin ya haura jika ɗari, wato sefa dubu ɗari. Kuɗin da a Maraɗi zai yi wa mutum ragon layya ya tafi a kan inuwa.

Daren nan mutane suka zauna da farantansu suna jiran malo. Shugaban kwamiti ya karɓi lasifikar makaɗa, ya ba da haƙuri, ya bayyana dalili dalla-dalla, kuma don kada a zargi wanda ba shi da laifi ya nuna teburin da nake. Aka yi mini tafi. Washegari a gasar pétanque, wadda ake jefa ƙwallayen ƙarfe kusa da ɗan ƙaramin ƙwallon katako daga nisan mita shida zuwa goma, kowa yana so in shiga ƙungiyarsa, ba don iyawa ba. Mun sha kashi 13 da 2, amma duk jifan da na yi sai wani ya ce in lura da inda nake ajiyewa.

Ranar 15 mai gona ya kai ni gareji da kansa, bai ce uffan ba duk hanya. Motar ta kwana biyu a fili cikin ranar Yuli, tagogi a rufe, malo a ciki. Mai garejin ya miƙo makulli daga nesa, ya toshe hanci, ya ce ko ba mu biya kuɗin kwana na ƙarshe ba ya yafe, mu dai fitar da ita kafin maƙwabta su kai ƙararsa.