Aron kwalekwale ba da sallama ba

Gidanmu yana bakin ruwan Tiga, tafkin da ya samu bayan an datse Kogin Kano a 1974, kuma duk wanda ya zauna a nan ya san cewa kwalekwale shi ne ƙafar masunci. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗabi'ar wasu maƙwabta ta kwance jirgin mutum da asuba ba tare da sun yi ko sallama ba.

Da yamma nake shimfiɗa raga, domin in ɗebe ta kafin rana ta ɗaga, saboda karfasar da ta mutu a cikin raga ba ta jure zafi. Idan hantsi ya yi, cikinta ya saki, matan da suke saye su soya ba za su ko taya ta ba. Shekaranjiya na fito daga masallaci na tarar da turke kawai, igiya tana reto a ruwa. Sai da rana ta take aka dawo da jirgin, ruwa ya kai idon sawu a cikinsa, ƙayar kifi da laka ko'ina, filafili kuma ya tsage.

Da na yi magana, sai aka ce, "Haba Baba, ai duk ɗaya ne." Ban taɓa hana kowa aro ba, amma kifin ranar nan gaba ɗaya kaji na zuba wa, kuma har yau ba wanda ya kawo mini sabon filafili.