Masu ƙirga kifi a ƙarƙashin teku

Jama'a, duk sa'ad da aka zo maganar 'yan sa-kai masu nutso a teku, hoto ɗaya ne ke yawo: mutum ya fito daga ruwa yana janye da tsohon taru, ko yana kwance kunkuru daga igiyar da ta shaƙe shi. Aikin lada ne, babu musu. Amma ni a ganina, babban aikinsu shi ne wanda ba ya jan ido a hoto, wato ƙirga.

Ku dubi yadda ƙungiyar Reef Check take yi. Masanin halittun ruwa Gregor Hodgson ne ya kafa ta a 1996, kuma a 1997 'yan sa-kanta suka duba lafiyar duwatsun murjani a ƙasashe sama da 30. Tsarin ba shi da wani ado. Ana shimfiɗa igiyar awo mai tsawon mita 100 a kan dutsen, a ware kashi huɗu masu mita 20 kowanne. Mai nutso ya bi ta a hankali da ɗan allo da fensir, yana rubuta wasu zaɓaɓɓun kifaye da ya gani. Wani kuma ya biyo baya, duk rabin mita ya duba abin da ke ƙarƙashin igiyar: murjani mai rai ne, matacce ne, yashi ne ko gansakuka. Baɗi a dawo wannan wuri dai, a sake. Shi ke nan.

Shekara ɗaya bayan wannan ƙirga ta farko, a 1998, ruwan teku ya yi zafin da ya sa murjani ya koɗe a sassan duniya da dama. Shi murjani dabba ne, kuma a cikin jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai da ke ba shi abinci da launi. Idan zafin ruwa ya haura yadda ya saba da kamar digiri 1 kuma ya yi makonni a haka, sai ya kore su, ya koma fari fat, in abin ya daɗe yunwa ta kashe shi. To, wa zai iya cewa ga yawan ɓarnar da aka yi, in babu wanda ya rubuta yadda wurin yake tun kafin nan? Tauraron ɗan'adam yana auna zafin saman ruwa, amma ba zai faɗa maka kifi nawa ya rage a cikin kogon dutse ba. Sai mutum ya sauka. Masana ba su da yawa, hayar jirgin ruwa da tsada, iskar tukunya ɗaya da mai nutso ke goyawa don numfashi kuma da wuya ta wuce awa guda. Alhali duwatsun nan, da ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, kusan rubu'in nau'o'in halittun teku sun dogara da su.

Na san abin da wasu ke cewa: malamin makaranta ko akanta da ke nutso ranar hutu, ina ya san kimiyya? Tambayar tana kan hanya, kuma an amsa ta da tsari. Ba a ce ya gane kowane kifi ba, an ba shi gajeren jeri, an koya masa, an yi masa jarrabawa. Shirin CoralWatch na Jami'ar Queensland, wanda aka fara a 2002, ya ma sauƙaƙa abin: ɗan kati ne mai launuka daga mai haske zuwa mai duhu, ka kara shi kusa da murjani, ka rubuta lambar da ta dace. Shi kuwa kifin shak mafi girma a duniya, ɗige-ɗigen jikinsa ba sa zama ɗaya da na ɗan'uwansa, kamar zanen yatsa. Hoton da ɗan yawon buɗe ido ya ɗauka na gefen jikinsa, a bayan inda yake numfashi, kwamfuta tana gane ko an taɓa ganinsa, da wata dabara da aka aro daga masu taswirar taurari.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne rubuta sifili. Mutum ya biya kuɗinsa, ya sha sanyi, ya bi igiya daga farko har ƙarshe bai ga kifin da ake nema ba ko ɗaya, ya fito ya rubuta haka da gaskiya. Babu wanda zai tafa masa. Amma sifilin nan, idan ya jeru shekara biyar a wurin da a da ake ganin goma, shi ne hujjar da za a ajiye gaban hukuma a ce a dakatar da kamun kifi a nan.

Duk da haka ban yarda a ɗora wa mutanen nan abin da ya fi ƙarfinsu ba. Nutson nishaɗi iyakarsa mita 40 ne, kuma yawanci inda masu yawon buɗe ido ke zuwa nan ake ƙirgawa, gaɓar talakawa kuma a bar ta babu rubutu. Kayan nutso ma ba na kowa ba ne. Masuncin da ya yi shekara talatin yana fita wannan ruwa ya san abin da ya ɓace fiye da baƙon mako ɗaya, ya kamata a sa shi cikin aikin, kuma a dawo masa da sakamakon cikin harshen da yake ji. Mai nutson da bai iya riƙe jikinsa a ruwa ba kuwa, gara ya ƙara koyo tukuna, don bugu ɗaya da ƙafa yana karya abin da ya yi shekaru yana girma.

Sannan ƙirga ba ta sanyaya ruwa. Babban jerin murjani na Ostareliya, mai tsawon kusan kilomita 2,300, ya koɗe a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024, alhali ko nau'in da ya fi saurin girma yana bukatar shekara goma ko fiye kafin ya farfaɗo. 'Yan sa-kai sun sauka, sun gani, sun rubuta, sun miƙa. Gwamnatocin da ke karɓar rahoton suna yabawa, su ne ke sa hannu a kan lasisin haƙar kwal da na manyan jiragen kamun kifi, kuma su nake so a riƙa tambaya duk shekara me suka yi da shi.