Kafiretar tsohon babur ba ta cika mutuwa ba

A Gusau na sha jin masu tsofaffin babura, irin su Honda CD 175, suna cewa da zarar babur ya fara shan mai ko mutuwa a sulo, to kafireta ta gama yawo, sai a sayo sabuwa. Ba su yi laifi ba, don wani lokaci sabuwar takan sa babur ya tashi nan take.

Amma galibi toshewa ce. Aikin kafireta haɗa iska da fetur, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai a nauyi, ta wasu ƴan ƙananan ramuka da ake kira jet. Ƙurar hunturu, dattin man bumburutu, da danƙon da fetur ke bari idan babur ya daɗe a ajiye, su ke cushe su. Gangar jikinta lafiya lau take.

Wani maƙwabcina ya kai tasa wurin bakanike. Ya warware ta a kan faranti, ya jiƙa, ya hure kowane rami da iskar mai faci, ya sauya gasket (abin da ke hana yoyo a mahaɗa) da allurar fulot (wadda ke tsayar da shigar mai idan kafireta ta cika), ya daidaita sulo. Shi ke nan, babur ya dawo hayyacinsa. Abin da ya burge ni, bai zura waya a jet ba. Jet tagulla ce mai laushi, waya na faɗaɗa ramin, mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi.

Sabuwar kafiretar da ake saya a kasuwa kuwa sau da yawa jet ɗinta bai dace da wannan injin ba. Sai gangar ta tsage ko ta cinye ake maganar sauyi.