Bukukuwan Nijar: ana jiran baƙo daga Faris, alhali ga shi nan a Jibiya

Duk wanda ya taɓa zama a garuruwan kan iyaka irin su Jibiya, Illela ko Maigatari a ƙarshen watan Disamba ya san abin da ke faruwa da zarar an yi la'asar. Mai shayi ya ƙara wa rediyo murya, ɗan acaba ya jingine babur, tela ya ɗaga ƙafa daga keke. Ana kokawar takobi a Nijar, wato gasar ƙasa da ake ba zakaranta takobi, kuma mutanen wannan gefen na iyaka suna bin ta kamar 'ya'yansu ne ke cikin fili. Za ka ji Bakatsine yana rantsuwa cewa ɗan Maraɗi ba zai faɗi ba, Basakkwace kuma ya ɗaure wa Tawa gindi. Da yawansu ba su taɓa taka filin kokawar ba. A ganina wannan ita ce asarar da masu tallar yawon buɗe ido a Nijar suka daɗe suna yi ba tare da sun lissafa ta ba.

Shekaru da dama, idan aka ce "baƙo" a bakin masu wannan harka, ana nufin Bature mai kyamara da ya sauko daga jirgi a Agadas. An yi zamanin da hakan ke da ma'ana. Tseren motoci na Faris zuwa Dakar ya sha ratsawa ta Agadas da hamadar Tenere, jirage na shata suna kawo Turawa kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi, direbobin hamada da maƙeran azurfa da masu masauki suna cin abinci. Sai abubuwa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Tawayen da ya ɓarke a arewa a 2007 ya tsayar da zirga-zirgar. An soke tseren Dakar na 2008, a 2009 kuma ya koma Kudancin Amurka. A watan Satumba na 2010 aka sace ma'aikatan kamfanin haƙar yuraniyom a Arlit. A watan Agusta na 2020 aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, wurin da ake zuwa kallon raƙuman dawa, wanda ko nisa da Yamai ba shi da shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuwa, dangantaka da Faransa ta tsinke gaba ɗaya.

Ba na raina abin da mutanen Agadas suka rasa. Maƙerin da ke ƙera sarƙar azurfa mai tambarin garin ya san bambancin cinikin Bature da na ɗan gida. Direbobi da yawa da suka ƙware a hanyoyin hamada sun koma jigilar matafiya zuwa Libiya, har dokar 2015 ta mayar da wannan sana'a laifi, kafin a soke dokar a ƙarshen 2023. Talauci ne na gaske, ba na takarda ba. Amma akwai tambayar da ya kamata a yi: cikin duk wannan rugujewa, waɗanne bukukuwa ne suka tsaya da ƙafarsu, waɗanne ne kuma suka yi tangal-tangal?

Kokawa ba ta ko girgiza ba. Tun da aka fara gasar ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, take zagayawa tsakanin jihohi. Yau jihohi takwas ne, Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace da 'yan kokawa goma, mutum tamanin ke nan a fili ɗaya, ana yi har sai an bar mutum ɗaya da bai faɗi ba. Garin da aka kai wa gasar yakan cika ya batse. Masu tuwo-tuwo, masu kilishi, masu hayar ɗaki, 'yan kabu-kabu, maroƙa da makaɗa, 'yan cali-cali da ke kwaikwayon 'yan kokawa suna ba mutane dariya kafin a kama, kowa da rabonsa. Sunan Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobin sau da yawa, yaro a Daura ma ya san shi. Wannan duka ba a taɓa gina shi a kan tikitin jirgi ba. Kuɗin da ke yawo a wurin dala-dala ne da jika-jika daga aljihun talaka da ɗan kasuwa da ɗan siyasa mai neman suna.

Haka Bianu na Agadas. Bikin garin ne, na 'yan garin, ana fara jin gangunansa tun bayan Babbar Sallah, ya kai ƙololuwa a ranakun Tasu'a da Ashura. Gari ya rabu biyu, 'yan gabas da 'yan yamma, kowane ɓangare da tamburansa. A fita bayan gari a kwana, da safe a shigo ana kaɗa ganyen kaba, samari sun sha manyan riguna da rawuna masu tsayi, a bi unguwa-unguwa har ƙofar fadar Sarkin Abzin. Ko Bature ɗaya bai zo ba za a yi, domin ba dominsa aka fara ba. Na san akwai malaman da ba sa son Bianu, kamar yadda ba sa son layu da guraye da 'yan kokawa ke ɗaurawa, kuma wannan muhawara ce da mutanen garin suka daɗe suna yi tsakaninsu. Abin lura shi ne muhawarar ta masu abu ce a kan abinsu.

Ga wani abu da ke ba ni mamaki game da mu 'yan kudancin iyaka. Baƙin rawanin nan mai sheƙi da Ba'abzine ke naɗawa ranar biki, wanda ke barin shuni a fuska, turkuɗi ne, kuma garin Kura na jihar Kano ya yi suna wajen rina shi da buga shi tun kaka da kakanni. Gishirin Bilma da ayarin raƙuma ke saukowa da shi, kasuwannin ƙasar Hausa yake nufa. Tsohon garin Agadas, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, da hasumiyar masallacinsa ta laka mai tsayin mita 27 da aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16, gari ne da za ka shiga kasuwarsa ka yi ciniki da Hausa daga farko har ƙarshe. Amma attajirin Kano ya fi sanin hanyar Dubai da ta Agadas. Ɗalibin tarihi a Zariya zai rubuta shafi ashirin a kan cinikin hamada bai taɓa ganin inda ayarin ke sauke kaya ba.

Bikin lasar gishiri na Ingal, wanda aka fi sani da sunansa na Faransanci Cure Salée, shi ne ya fi nuna inda gizo ke saƙa. Asalinsa ba biki ba ne, buƙata ce. Idan damina ta kama, makiyaya sukan kora dabbobi arewa, su bar wa manoma gonakinsu, su nufi filayen da ke kewaye da Ingal inda ƙasa da ruwa ke da gishiri da kanwa. Dabba ta lasa, ta sha, ta warware daga wahalar rani. Wajen watan Satumba, kafin a juyo kudu, sai a haɗu: Abzinawa, Fulani, Larabawa. A yi ciniki, a ɗaura aure, a sasanta rigimar rijiya, a yi tseren raƙuma, mata su buga tende. Daga baya gwamnati ta shigo da rumfuna da jawabai, ta mayar da shi taron kwana uku mai ranar buɗewa da ta rufewa. Shigowar tana da amfaninta, don a nan ake yi wa dabbobi allurar rigakafi, a duba marasa lafiya, a yi wa mutanen da ba sa zama wuri ɗaya takardun haihuwa. Amma kowa ya san cewa rumfar manyan baƙi daban, taron makiyaya daban. Idan ministoci suka hau motocinsu suka tafi, ainihin abin yana nan a bayan gari, kusa da dabbobi.

A gefen wannan taro ne Fulani Woɗaaɓe, waɗanda muka fi kira Bororo, suke nasu Gerewol. Hoton samarinsu da fuska ta sha jan ƙasa, an zana layi a kan hanci, ana zare ido ana nuna fararen haƙora, ya zagaya duniya fiye da hoton kowane shugaban Nijar. To amma Gerewol na gaske taron dangi ne, zuriya ɗaya ta karɓi baƙuncin wata, a yi kwanaki ana rawa cikin rana, 'yan mata su nuna wanda ya fi. Ba shi da tsayayyen fili, sai inda ruwa da ciyawa suka yarda. Da masu kyamara suka yawaita, sai aka fara shirya na awa biyu, a biya, a yi kwalliya, a ɗauki hoto, a watse. Ba na zargin saurayin da ya karɓi kuɗin. Fari ya sha cinye masa shanu, kuma kyansa nasa ne. Sai dai rawar da aka shirya don mai biya takan tsaya ranar da mai biya ya daina zuwa, kuma an ga hakan.

Misali mafi bayyana shi ne bikin nuna tufafi na FIMA da Alfadi, ɗan Nijar mai tsara tufafi, ya ƙirƙiro. An buɗe shi a 1998 cikin hamada kusa da duwatsun Tigidit, duniya ta yi ta magana. A 2000 da aka kawo shi Yamai sai da ƙungiyoyin addini suka yi zanga-zanga. A 2018 kuwa a Dakla aka yi shi, ƙarƙashin kulawar Maroko. Ƙoƙarin mutumin ba abin rainawa ba ne, ya ɗaga sunan ƙasarsa. Amma biki ne da za a iya naɗe shi a sa a akwati a kai wata ƙasa. Gwada naɗe Bianu ka gani.

Za a ce da ni, ai maƙwabci ba ya kawo kuɗin waje, kuma Bahaushe idan ya je biki gidan ɗan'uwa yake sauka, ba otal ba. Akwai gaskiya a ciki, musamman yanzu da naira ta yi rauni a gaban sefa, har ɗan Najeriya na tsallaka iyaka ya ga kuɗinsa sun narke a hannun ɗan canji. Amma a yi lissafi da yawa, ba da nauyin aljihun mutum ɗaya ba. Jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato da Zamfara kaɗai sun fi Nijar duka yawan jama'a. Ba sa buƙatar tafinta, balle yanzu da kundin mulkin da Nijar ta amince da shi a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abincin ɗaya ne, sallar ɗaya ce. Sarautar Maraɗi ma ta Katsina ce da ta ƙaura bayan jihadi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Kuma wannan baƙon ba ya karanta gargaɗin ofishin jakadanci kafin ya fito. Wanda ya ga hawan ƙaho a ƙofar fadar Damagaram, mahauci ya tari bijimi gaba da gaba, ko wasan kara inda talakawa ke shigar manya suna kwaikwayonsu a gabansu, zai koma gida ya ba da labari a majalisa, baɗi ya zo da mutum biyar.

Abin da ke hana shi zuwa sananne ne. Na farko iyakar kanta: an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 2023 har zuwa Maris na 2024, ga kuma ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 da ta bar mutane cikin rashin tabbas a kan takardun da za su riƙe. Na biyu shingaye. Tafiyata ta ƙarshe zuwa Maraɗi, wadda ba ta kai kilomita ɗari daga Katsina ba, na daina ƙirga tsayawa da muka yi, kowace tsayawa kuma da abin da ake miƙawa ta taga, a wannan gefen da wancan. Mai iyali ba zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya bi wannan don kallon kokawa ba. Na uku tsaro, kuma a nan ba zan yi wa kowa daɗin baki ba: dajin da ke tsakanin Jibiya da Madarunfa ya sha fama da 'yan bindiga, yankin Tilaberi ba wurin yawo ba ne, a Agadas ma an sace Turawa mata biyu a 2025. Wanda zai je Ingal ya tafi cikin ayari, da rana, da wanda ya san hanya.

Na huɗu kuwa, wanda ya fi sauƙin gyara kuma ya fi ban haushi, shi ne labari. Ranar lasar gishiri takan fito ne kusa da lokaci. Tallar da ake yi da Faransanci ake yi, da hotunan da aka zaɓa don idon Bature. Gidajen rediyon Kano da Katsina da Sakkwato suna nan, 'yan Kannywood da mawaƙan Hausa suna cika filaye a Yamai da Damagaram, amma ban taɓa jin sanarwa da Hausa tana cewa ga ranar Bianu, ga motar da za ta tashi daga tasha kaza, ga kuɗin masauki ba. Hukumomin yawon buɗe ido na ɓangarorin biyu za su iya daidaita kalanda ɗaya: kamun kifi na Argungu da hawan Sallar Kano, wanda shi ma ya shiga kundin UNESCO a 2024, a gefe guda, takobi, Bianu da Ingal a ɗaya gefen. 'Yan Nijar ai sun daɗe suna zuwa Argungu ba tare da an gayyace su da takarda ba.

Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Duk maganar da ake yi a kansa ta kaya ce, siminti da hatsi da kwantena. Ni dai ina jiran in ji wanda zai tambaya ko za a sa tarago na musamman a makon da takobi ya zo Maraɗi.