Macijin da ya ari rigar wani

Makon jiya maƙwabcina a nan yankin Chako, arewacin Ajantina, ya kira ni in ga abin da ya tono a gindin shingensa. Ɗan maciji ne, bai fi kamu guda da 'yan kai ba, jikinsa zobe-zobe: ja, baƙi, fari. Na ja da baya har na yi karo da bokiti. Shi kuwa sai dariya, wai "falsa coral" ne, wato murjanin ƙarya. Ya nuna mini hancinsa, a ɗage kamar bakin shebur, da shi yake tonon ƙasa. Kwaɗi ne abincinsa, dafinsa ba ya kisa.

Mai rigar da ya ara shi ne abin tsoro. Macijin murjani na gaske dangin gamsheƙa ne, dafinsa jijiya yake kamawa har numfashi ya tsaya. Na ƙaryar har wutsiya yake naɗewa ya ɗaga sama, yadda na gaskiyar ke yi, shaho ya gani ya wuce. Tun 1862 wani Bature, Henry Bates, ya bayyana irin wannan dabara a jikin malam-buɗe-littafi na dajin Amazon.

Sai na tuna gida. Mu ma muna da namu, macijin nan mai haɗiye ƙwan tsuntsu, wanda ko haƙorin kirki ba shi da shi. In ka matsa masa sai ya naɗe yana goga jikinsa, ka ji "shhh", sak kububuwa. To a wurinmu wannan wayon ajali ne. Shaho kan kauce, ɗan Adam kuwa fartanya yake ɗagawa.

Maƙwabcina na ganin wannan rashin imani ne, ni kuma ban yarda ba. Shi da takalmin roba har gwiwa yake shiga gona. Manominmu da silifa yake noma, ya kuma san dalilin da ya sa ake ce wa kububuwa gobe-da-nisa. Wanda ya taɓa kai ɗan uwansa asibitin masu saran maciji na Kaltungo jini na zuba ta dasashi, wa zai ce masa ya tsaya duba hanci?

Ban ce a kashe ba. Amma da ya ce in riƙe, hannuna na cusa a aljihu. Ya tura shi cikin bokitin nan da tsinke, ya kai shi bayan gari ya sake.